Kanwar da Ta Ƙi Narkewa

Ruwan sama ne ya fara jawo mana. A garin nan in ya tsinke ba ya sallama, kuma kwanon ɗakin ajiyarmu da ma yana da 'yar huda wadda kullum Baba ke cewa gobe zai sa a toshe. Ashe buhun kanwar Inna daidai ƙarƙashinta yake. Da muka buɗe ɗakin da safe, babu kanwa, sai buhu a yashe jiƙe sharkaf, da wani farin sawu da ya bi siminti har bakin ƙofa. Inna ta daɗe tsaye tana kallo. Tun cikin Yaya yana ƙarami ta sa aka kawo mata kanwar nan daga Kano, tana ta lallaɓa ta. Ga shi yanzu Yaya tana kwance a ɗaki da jaririnta, ko cibiyarsa ba ta faɗi ba.

Yaya ce 'yar farin Inna, wannan kuma haihuwarta ta fari, shi ya sa ta dawo gida wanka. Mijinta yana can Port-Gentil yana jan motar kamfanin mai, sai ya sami hutu muke ganinsa. Mai jego kuwa, ko a ina take a duniya, abu biyu ba a yi mata wasa da su: ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa. A gida wa ke ma sa kanwa a lissafin kaya? Amma a Libreville ta yanzu, da arzikin man fetur ya sa ko'ina ka duba gini ake yi, za ka sami tuffa daga Faransa, ka sami rediyo mai kaset, ka rasa kanwar da za ka jefa a miyar kuka. Baba ya rufe shago ya bi shagunan mutanenmu, tun daga nan Alibandeng har Cocotiers. Wannan ya ce tasa ta ƙare, wancan ya ce danshi ya cinye, kowa yana jiran masu zuwa daga gida in ruwa ya ɗauke.

Gwaggo ce ta fi kowa tayar da hankali. Ba 'yar'uwar Baba ba ce, amma duk ɗan Bahaushen da aka haifa a unguwar nan ita ta fara yi masa wanka, har da ni.

"Ni dai ban taɓa yin jego babu kanwa ba," in ji ta. "Da wannan sanyin da ke ratsa ƙashi? Ku nemo min, ko a ƙarƙashin teku take."

Ana cikin haka Kawu ya zo barka. Shi ma Kawun zaman unguwa ne, mutumin Maradi, direba, mai yawan dariya. Aikinsa ɗaukar Turawa masu neman ma'adinai zuwa dazuzzukan kudu, yakan yi makonni ba mu gan shi ba. Da ya ji abin da ake ciki sai ya tafa hannu.

"Mi nike ji? Kanwa ta gagari gidan Alhaji? Ku tsaya ku gani."

Ya fita wajen mota, ya dawo da gwangwanin madara, ya juye a kan faranti. Duk muka matso. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ya fito daga ƙasa ba. Fari ne, wasu guntaye kamar ƙanƙara, suna walƙiya fiye da gilashi. Wasu sun harɗe da juna kamar tauraro, wasu kamar saƙar ƙarfen taga, sirara sirara. Ɗaya daga ciki yana manne da wani baƙin dutse mai sheƙi.

Inna ta juya shi da yatsa. "Wannan baƙin ai kamar tozali."

"Shi ne, Hajiya, tozali ne ɗanye! A bisa nai take tsirowa." Ya ba mu labarin wurin: wani rami da aka haƙa a jar ƙasa, nesa da kowane gari. Can ƙasa baƙin dutsen yake, farin kuma daga sama, a cikin ƙananan ramuka kamar gidan zuma. "Anasaran nan da nike ja, ya ɗigo mata wani ruwa daga 'yar kwalba. Wallahi sai ta yi shuuu, ta yi kumfa, kamar an sa kanwa cikin yakuwa. Na ce a raina, kai, ashe ƙasar ga ma tana da tata. Masu kyau ya naɗe cikin auduga, saura ya watsar, ni kuma na tsince."

Gwaggo ta ɗauki guntu ta lasa, ta yamutsa fuska. "Ba ta da kaifi."

"Gwaggo, ƙasar ruwa ce. Albasarsu daban, barkononsu daban. Mu can ba muna da ja ba, muna da fara, muna da ungurnu? Wannan tasu ce."

Inna ba ta yarda haka kawai ba. Ta murƙushe kaɗan da bayan cokali, ta matsa lemon tsami a kai, muka sunkuya gaba ɗaya. Da farko ba komai. Can sai ga 'yan ƙwayoyin kumfa suna tasowa a hankali, kamar ba sa so.

"Kun gani?" in ji Kawu.

Ni kuma na ɗauki wani guntu. Bai fi goro ba, amma ya danne mini tafi kamar kwaɗon ƙofa. Tun ina ƙarama nake ɗebo wa Inna kanwa, na san yadda take a hannu. Na ce, "Inna, ta yi nauyi."

"'Yar boko," Gwaggo ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "In kin haifi naki sai ki ɗora a sikeli."

Aka yi dariya, har da Yaya daga cikin ɗaki. Budurwa ba ta da baki a sha'anin jego. Nawa aikin hura wuta, ɗebo ruwa, wanke tsumma.

Kamar yadda aka saba, na jiƙa ta a kofi don a tsiyayi ruwanta. Har kunu ya kusa, tana nan a gindin kofin yadda na sa ta, ruwan kuma garai. Na tuna buhun da ruwan sama ya lashe mana tas. Na kai wa Gwaggo kofin. Ta leƙa, ta ce kanwar dutse ce, taurinta ke nan, a daka ta a zuba garin kai tsaye. Na daka a ƙaramin turmi. Ba ta da wuyar daka ko kaɗan, tana fashewa kamar kwalba, sai dai garin ba ya tashi sama ya shiga hanci. Yana zaune ne kawai a gindin turmi.

Kunun ya fito fari fat. Wanda ya san kunun kanwa ya san yadda kanwa ke juya gero ya yi wannan launin mai ɗan duhu, ga ƙamshinta da ke tashi tare da na citta. Wannan babu launi, babu ƙamshi.

"Ta yi kaɗan," in ji Gwaggo. "Ƙara."

Na ƙara. Washegari ma aka ce in ƙara.

Aka yi suna lafiya, mijin Yaya ya zo ya koma. Bayan nan ne ta fara cewa cikinta yana murɗa mata. Gwaggo ta ce na bayan haihuwa ne, kowace mace ta san shi, maganinsa kuma kunun kanwa da zafinsa. Yaya ta sha. Sai ta ce bakinta kamar ta tsotsi ƙusa. Sai ta daina zuwa bayan gida. Gasasshen naman da take rawar jiki a kai, yanzu sai ta kalle shi ta kawar da kai. Ina shiga da kwanon kunu in same ta a duƙe, hannu ɗaya ya dafe mara, ɗayan yana riƙe da yaron a nono.

"Ke," ta ce min wata rana, ƙasa-ƙasa don kar a ji, "haka kowa ke ji? Ko ni ce raguwa?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyata ke nan, ban sani ba. In ina wanke tukunya sai in ga farin gari kwance a gindi, in tsaya ina murza shi da yatsa. Na sake gwada yi wa Inna magana. Ta ce, "Gwaggonki ta yi wa mata jego tun ba a haife ki ba." Amma na ga yadda take satar kallon ƙofar ɗakin Yaya. Ita ba za ta shiga ta tambaya ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta zauna a gefenta tana taɓa mata goshi.

A makaranta muna da wani malamin kimiyya da yakan ce, in aka ba ka abu ba ka san shi ba, kada ka tambayi idonka, ka tambayi ruwa, ka tambayi tsami, ka tambayi wuta. Ban riƙe sunayen duwatsun da ke cikin akwatinsa ba, wannan maganar kawai ta zauna min. Ruwa ya ce a'a. Tsami ya ce wataƙila. Saura wuta.

Da safe ina hura gawayin ruwan wanka a bayan ɗaki, ni kaɗai. Gwaggo tana ciki tana dama kunu da garin da na daka jiya. Na kwance bakin zanina na ciro guntun da na ɓoye, na tura shi can tsakiyar garwashi, inda ya fi ja. Na kama mafici da hannu biyu.

Da farko ya yi ta fashewa, tas, tas, 'yan ɓarɓashi suna tsalle. Sannan farin ya fara juyewa rawaya, kamar gwaiduwa, ya yi ja-ja daga gefe. Na ci gaba da fifita har kafaɗuna suka yi tsami, hayaƙi yana shiga min ido. Kanwa ba ta yin haka. Ban san me ke yin haka ba. Can sai na ga wani abu yana gangarowa daga jikinsa, ɗigo ɗaya mai sheƙi, ya mirgina a kan gawayi ya tsaya a lungu yana rawa kamar mai rai.

Na zaro shi da tsinken ƙarfe na jefa a ruwa. Ya yi cuu. Na tsamo shi: 'yar ƙwallo ruwan toka, ba ta kai ƙwayar wake ba. Na danna mata farce, farcen ya shiga. Na goga ta a siminti, ta bar baƙin layi.

Na san ta. Ita ce masunta ke ɗaurawa a bakin raga a gaɓar teku. Ita ce mai facin kwano ke narkarwa a ƙofar gida. Ita ce kuma malaminmu ya taɓa ɗagawa a aji ya ce kada wanda ya kai ta baki, domin in ta shiga jiki ba ta son fita. Dalma.

Ban san lokacin da na isa ɗakin ba. Yaya tana zaune a bakin katifa, kwano a hannu, ta riga ta kai ludayi baki. Na kaɗe shi. Kwanon ya bugi bango, kunu ya wanke zanin Gwaggo, yaron ya tsala kuka.

"Ke! Aljanu ne suka hau ki?" Gwaggo ta miƙe. Inna ta shigo da gudu, hannunta a sama, kuma da ta mare ni ba zan ga laifinta ba. Hannuna kawai na buɗe mata.

"Mene ne wannan?"

"Daga cikin kanwar ya fito. Na sa ta a wuta."

Inna ta ɗauka, ta juya, ta sa a haƙori ta ɗan ciza. Ta duba sawun haƙorinta a jiki. Na ga fuskarta ta sauya.

"Dalma ce," ta ce a hankali. "Gwaggo, ƙarfe muke ba ta."

"Guba ce, Inna. Malaminmu ya ce guba ce."

Gwaggo ba ta yi musu ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Ta karɓi 'yar ƙwallon ta duba, ta zauna a ƙasa a cikin kunun da ya zube. Sai ta ɗago ta kalli yaron, da nonon da ke bakinsa har yanzu da ɗumi. Ba ni na fara tunanin yaron ba, ita ce.

Baba ya taro taksi. Ni da Inna muka sa Yaya a tsakiya, Gwaggo a gaba da jaririn, Baba ya ce zai biyo mu. Hanyar nan da nake bi kullum ba ta taɓa yi min tsawo haka ba. Ko'ina an tone, ko'ina manyan motocin siminti da rodi. Da muka kai unguwar Louis sai komai ya tsaya cik. Taksi a gaba, taksi a baya, kowa yana danna oda, wani shago yana ta sakin kiɗa da sanyin safiyar nan. Ciwon ya sake taso wa Yaya, ta naɗe kamar tabarma, kanta a cinyata, gumi yana bin wuyanta. Direban ya waiwayo ya tambaye ni da Faransanci ko haihuwa ce. Na ce a'a, guba ce. Ya hau gefen hanya da ƙafa biyu na mota, masu tafiya suna zaginsa.

A nan ne Inna ta kira sunanta. Sunan da ban taɓa ji daga bakinta ba tun da na yi wayo. Ta kira, ta sake kira, ta ɗora hannu a kanta. Yaya ta buɗe ido tana kallonta kamar ba ta gane wa ke magana ba.

Likitar da muka samu mace ce, 'yar ƙasa, mai magana a hankali. Ni ce tafinta, tunda Faransancin Inna na kasuwa ne. Na zube mata abin da na zo da shi a kan tebur: 'yar ƙwallon, da sauran duwatsun. Ta ɗaga ɗaya ta auna a tafinta, kamar yadda na yi ranar farko. Ta tambaya tun yaushe, kamar yaya yawansa, safe kawai ko har da yamma. Kowace amsa na bayar sai in ji kamar ina ƙara cokali ɗaya. Ta duba dasashin Yaya, ta danna cikinta, ta sa aka ɗebi jininta, aka ɗebi na yaron daga dunduniya. Kukansa har yanzu yana kunnena.

Sannan ta faɗi abin da na tsaya ina juyawa a baki kafin in mayar da Hausa.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce za a kwantar da Yaya, a yi mata allurai masu jawo dalmar daga jini. Ta ce mun zo da sauran lokaci."

"Sai me? Na ga ta nuna yaron."

"Ta ce a cire shi daga nono. Yau. Tana bi ta nono."

Yaya ta juya fuska bango. Jaririn da bai yi arba'in ba. Gwaggo ta buɗe baki, na san abin da za ta ce, a duk shekarunta ba ta taɓa ganin an yi haka ba. Sai ta rufe bakin, ta gyara wa yaron hula.

Kawu ya zo asibiti washegari. Ban taɓa ganin babban mutum ya tsuguna a bakin ƙofa haka ba, hularsa a hannu, ya kasa shiga. Baba ne ya ɗago shi ya ce, "Alheri ka yi niyya, mu duka muka gani muka yarda." Kawu ya je ya tambayi Baturen nasa, ya kawo mana abin da aka faɗa masa. Sunan dutsen seruzit. Tozalin nan da ke ƙasa dalma ce a cikinsa, ruwan sama da iska su ne ke cin sa a hankali, shekaru aru-aru, har ya rikiɗe ya zama wannan farin. Shi ya sa kullum a saman tozali ake samunsa. Kumfar kuwa gaskiya ce, duk dangin kanwa da alli suna yinta in tsami ya taɓa su, amma nan zumuncin ya tsaya. Wai ba ko'ina ake samunsa da kyau haka ba, masu tara duwatsu a Turai a akwatin gilashi suke ajiye shi. Mu kuwa a turmi muka sa shi.

Turmin kuwa, Baba ya faskara shi ya kai bola da kansa, da taɓaryar, da tukunyar.

Yaya ta dawo gida ta rame, amma tana cin abinci, ciwon ya lafa. Nonon ne bai jira ta ba. Kafin likita ta ce ana iya mayar da yaron, ya riga ya ƙafe. Yanzu Gwaggo, wadda da can in ta ga mace da kwalbar madara sai ta tofar da yawu, ita ce ke tafasa kwalbar, ta ɗiga a bayan hannunta, ta hana kowa taɓawa. Ba ta sake ce min 'yar boko ba. Na fi son ta ce.

Game da yaron, likita ba ta ɓoye min ba. Ta ce an samu dalmar a jininsa, ba da yawa ba. Ta ce wannan abu ba ya nuna kansa da wuri. A riƙa kawo shi, a lura da lokacin da zai zauna, da rarrafe, da magana. Na mayar wa Inna da Hausa duka, ban rage ba, ko da yake na so in rage.

Da ruwa ya ɗauke, wani ɗan unguwarmu ya dawo daga gida da kanwa ta gaske, ja, mai ƙura, mara kyan gani. Inna ta ɓallo guntu, ta ɗebo ruwa a kofin gilashi, ta ƙwala min kira. Ta miƙo min na ji a hannu. Ba nauyi. Na saka a ruwan, muka zauna mu huɗu muna kallo har ta saki jiki ta watse, ruwan ya yi duhu. Gwaggo ta tsoma yatsa ta lasa ta gyaɗa kai.

"A dama miki?" Inna ta tambayi Yaya, kai tsaye, ido cikin ido.

Yaya ta ce a'a. Ba wanda ya matsa mata.

Ni yanzu ba na iya zama in yaron yana farke. Ina wanke-wanke sai in bari, in lallaɓa ta bayansa in buga cokali a jikin kofi, in ga ko zai juyo. Yaya ta ce in daina, ina sa ta faɗuwar gaba. Ɗazu ma na buga. Ya ɗan jima, idonsa yana kan rufin ɗaki. Sannan ya juyo.